Baka biyu: a rubutu gefe take zama, a lissafi ita ce kan gaba

Me baka biyu take yi a rubutu?

Ita ce alamar nan ( ) da ake buɗewa a rufe. Aikinta ɗaukar ƙarin bayani, irin wanda ko an zare shi jimla ba za ta girgiza ba. Misali: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Cire shekarun haihuwa da rasuwa, magana tana nan daram. Da ita ake sa (SAW) bayan ambaton Manzon Allah, da ita kuma marubucin wasan kwaikwayo yake gaya wa ɗan wasa abin yi, kamar (ya miƙe a fusace).

Wasu marubuta kan cusa layi uku ko huɗu a cikinta, kafin mai karatu ya fito ya manta inda aka tsaya. Bayanin da ya kai wannan tsawo ya cancanci jimlarsa.

Aya fa, ciki ake sa ta ko waje?

In baka biyu tana cikin jimla, aya a waje. In cikakkiyar jimla ce aka rufe ita kaɗai, aya a ciki.

A lissafi ma ana iya cire ta ba a yi ɓarna ba?

Ina! A nan abin ya juye: abin da ke ciki shi ake fara yi. Mutum uku za su yi tafiya, kowa zai biya naira 500 kuɗin mota da naira 300 na abinci. In ka rubuta 3 × (500 + 300), ka samu 2,400. In ka yar da bakan ka rubuta 3 × 500 + 300, amsa ta koma 1,800, domin ana yin sau kafin tarawa. Ka ga mutum biyu sun kwana da yunwa ke nan. Wannan ita ce ƙa'idar BODMAS da ake koyarwa a makarantunmu, kuma harafinta na farko, B, baka biyu yake nufi a Turance (brackets).

Akawu kuwa, in ya rubuta (50,000) a littafin kuɗi, asara ko gibi yake nufi.

Me ya sa aka yi ta musu kan 8 ÷ 2(2 + 2)?

A 2019 wannan lissafi ya karaɗe intanet. Kowa ya yarda abin da ke ciki 4 ne. Masu bi daga hagu zuwa dama suka raba 8 da 2, suka ninka da 4, suka ce 16. Wasu suka ce ai 2 ɗin manne take da bakan, saboda haka 8 za a raba da 8, amsa 1. Har kalkuleta ma kansu bai haɗu ba. A ganina laifin na wanda ya rubuta ne. Da ya sa (8 ÷ 2) × (2 + 2), ko 8 ÷ (2 × (2 + 2)), da ba a ɓata yawu ba.

To a kwamfuta fa?

Ita ba ta kawar da kai. A Excel, manhajar lissafi mai gida-gida, in ka sa lamba ɗaya a gidan A1, ɗaya a gidan B1, =(A1+B1)/2 zai ba ka matsakaicin lambobin biyu, amma =A1+B1/2 zai raba lambar da ke B1 kawai da 2, kuma ba zai ce maka uffan ba. A harsunan rubuta manhaja, a cikin baka ake miƙa wa umarni abin da zai yi aiki a kai: kamar print("Sannu") a harshen Python, wanda ke sa kwamfuta ta nuna kalmar Sannu. Kafin Python 3 ta fito a 2008 ana iya rubuta wannan ba baka, yanzu kuwa dole ne a sa ta, kuma in ka buɗe ba ka rufe ba, shirin ba zai tashi ba sam. Harshen Lisp, wanda John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958, kusan komai nasa a cikin baka yake: biyu a tara da uku, (+ 2 3) ake rubutawa.