Tantancewa: fom ya karɓi lambar katinka, amma bai san ka ba

Tun zaɓen 2023 da na'urar BVAS, kalmar "tantancewa" ta zama ruwan dare. Majalisar Dattawa na tantance ministoci, ana tantance maniyyata, ana tantance masu NIN. Yanzu har masu sayayya ta intanet za ka ji suna cewa shafi "ya tantance katina", don kawai sun rubuta lambar katin banki alamar kore ta fito. Kalmar da aikinta raba aya da tsakuwa, ita ake cakuɗa su da ita.

Abin da fom ya duba a lokacin siffar lamba ce, ba gaskiyarta ba. Lambar ƙarshe a jikin katinka sakamakon lissafi ce, dabarar Hans Peter Luhn, injiniyan kamfanin IBM, wanda ya nemi rajistarta a 1954. Daga dama ake farawa: a tsallake lamba ɗaya, a ninka ta gaba sau 2, haka har ƙarshe. Wadda ta haura 9 a cire mata 9, sannan a tara duka. In jimillar ta rabu da 10 ba saura, fom ya yi na'am. Yatsa ya zame ka buga 7 a madadin 8, nan take zai kama. Ka juya lambobi biyu maƙwabta, shi ma yakan kama, sai 09 da 90 da ke sulale masa. Amma mai wayo zai iya ƙirƙiro lambar da za ta wuce sumul, ba ko kwabo a bayanta. Sai banki ya amsa, ya turo maka OTP, lambar sirri ta amfani sau ɗaya, a waya, sannan a fara maganar tabbatarwa.

Abin haushin, wannan ɗan aikin ma masu tsara fom sukan ɓata shi. Wani ya kafe sai lamba 16, alhali akwai katin Verve mai 19. Wani ya ƙi lamba saboda ka bar fili tsakanin huɗu-huɗu, yadda aka buga ta a jikin katin, maimakon ya share filin da kansa. Na taɓa ganin fom ya ce wa Asma'u sunanta "ba daidai ba ne" saboda 'yar alamar nan ta tsakiya, ya kuma goge adireshin da ta gama rubutawa. Ɗanjuma kuwa, sai da ya koma Danjuma aka sayar masa da takalmin.