Waiwaye: Tarin rodi da bulo, da leburan da ke ƙarƙashinsu

Idan aka yi zancen hatsarin wurin gini, hankali kan tafi ga wanda ya faɗo daga bene. Ba a cika tuna wanda ƙafarsa ke ƙasa ba, yana kwance igiyar rodi a bayan tirela, ɗaurin ya zame ya danne shi, ko bututun kwalbati ya gangaro ya matse shi da bango. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne. A jera goma sha biyar a kan ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, a zare na ƙasa, sauran labarin sai a asibitin ƙashi na Dala. Jama'a su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a ci gaba da aiki.

Amurkawa ma sun daɗe suna binne leburori kafin su yi doka. A 1970 shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta kafa OSHA, hukumar kula da tsaro da lafiyar ma'aikata, ƙa'idojinta na gini kuwa sun gangaro har kan yadda ake jera kaya: tarin jan bulo kada ya wuce ƙafa 7, buhuna a riƙa sarƙe su duk bayan jeri 10, duk abin da ke iya mirginawa a tokare shi. Wannan na ƙarshen, kowane yaron mota ya san shi, weji ne kawai. A 1988 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 167 kan tsaron ma'aikatan gini.

A Najeriya dokokin 1987 guda biyu, ta masana'antu da ta diyyar ma'aikata, su aka daɗe ana dogaro da su, kuma ta farkon ta fi karkata ga masu aiki da injuna a cikin rufi. Sai a Disambar 2010 Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyya, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, don a biya wanda ya ji rauni.

A takarda ta yi kyau. Amma leburan da ɗan kwangila ya kwaso da asuba a bakin titi, ya sallame shi da yamma da kuɗi a hannu, sunansa ba ya cikin kowace takardar albashi. Ranar da rodi ya karya masa ƙafa, abin da yakan samu shi ne kuɗin mai ɗori, gobe a kawo wani a gurbinsa.