Waiwaye: Tseren Kora na Mata a Kan Keke, Daga 1958 Zuwa Yau

A rumfar wani mai gyaran keke kusa da Kasuwar Wunti na nuna wa 'yar yayata bidiyon tseren a waya, muna jira a ɗaure mata sarƙa. Ta kalla ta ce, "Kawu, su biyu kacal? Kuma ba wuri ɗaya suka tashi ba." Mai gyaran ya leƙo, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Malam, ai wannan keken ba shi da birki."

Duk sun gani daidai. Tseren kora a fili na musamman ake yinsa, mai da'ira da gefe a karkace kamar kwano, galibi na katako, zagaye ɗaya mita 250. Mace biyu ke tashi lokaci guda, kowace a ɓangaren da ke fuskantar na ɗayar. Wadda ta kamo abokiyar karawarta a wasan ƙarshe ta ci. In ba a kamo kowa ba, agogo ya raba gardama. Keken giya ɗaya gare shi, ba birki, kuma muddin taya na juyawa feda ma na juyawa. Ba wanda zai tare miki iska, ba wanda za ki laɓe a bayansa. Abin da ya sa nake ƙaunarsa ke nan.

A 1958, a Faris, aka fara ba mata wannan tsere a gasar duniya, kan nisan kilomita 3, alhali maza sun daɗe suna nasu. Lyubov Kochetova ta Tarayyar Sobiyet ce ta fara ci. Daga nan sai Beryl Burton ta Ingila, wadda labarinta ke taɓa ni har yau. Aikin gona take yi a Yorkshire, ta dawo ta hau keke. Ta ci kambin duniya na kora sau biyar tsakanin 1959 da 1966. A 1967, a tseren awa 12 kan titi, ta yi mil 277 da 'yan kai, nisan da ya zarce bajintar maza ta lokacin. Amma ba ta taɓa taka Olamfik ba, domin sai a 1984 aka buɗe wa mata ƙofar tseren keke a can, lokacin ƙarfinta ya riga ya ja baya.

Tamara Garkushina ta Sobiyet da Rebecca Twigg ta Amurka kowace ta ci kambin duniya na kora sau shida.

Kora ta mata ta shiga Olamfik a Basalona a 1992, Petra Rossner ta Jamus ta ɗauki zinare. Sau biyar kawai aka yi ta. Ta ƙarshe ita ce ta Beijin a 2008, inda Rebecca Romero ta Birtaniya ta ci, matar da shekara huɗu kafin nan azurfa ta samu a tseren kwale-kwale.

A nan ne abin ke yi mini ciwo. A Beijin maza na da wasanni bakwai a filin keke, mata uku. Aka ce za a daidaita, biyar-biyar, daga Landan 2012. Niyyar ta yi kyau, mata sun samu sababbin wasanni, har da kora ta ƙungiya. Sai dai wajen gyaran gira aka rasa ido: aka cire kora ta mutum ɗaya ga maza da mata baki ɗaya. An ɗan cusa ta cikin wasan haɗaka da ake kira omniyom a 2012 da 2016, daga baya can ma aka fitar da ita. A ganina zalunci ne a ce adalci ga mata ya zo ta hanyar kashe tseren da suke da dogon tarihi a cikinsa.

Gasar duniya ce ta riƙe shi. Sarah Hammer ta Amurka ta ci sau biyar. Chloé Dygert ta Amurka ta ci a 2017, 2018 da 2020, ta yi mummunan hatsari a Italiya da ya tsage mata cinya, ta warke ta sake ci a 2023. A 2024 a Denmak ta kafa bajintar duniya a zagayen share fage, minti 3 da daƙiƙa 15 da 'yan kai, amma Anna Morris, likita daga Wels, ta doke ta a ƙarshe. Daga farkon 2025 hukumar keke ta duniya, UCI, ta mayar da nisan mata kilomita 4, zagaye 16, daidai da na maza. Shekara 67 aka yi kafin a yarda za su iya.

Mu a nan, filin da na sani shi ne na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriya ta farko a tseren keken Olamfik, da keken aro daga Jamusawa ta shiga filin Faris a 2024.

Da aka gama ɗaure sarƙar, yarinyar ta tambaye ni daga ina zuwa ina ne kilomita huɗu. Na yi mata alkawarin ranar Asabar da sassafe, kafin motoci su yi yawa, za mu auna a hanyar Jos, ni da agogo, ita da kekenta.