Kiɗa a Fili Ba Janareto: Batir Zai Iya Riƙe Kayan Sauti?

Duk mai zuwa kamu ko majalisi a cikin birnin Kano ya san takaicin: mawaƙi na tsakiyar baiti, janareto ya yi tari ya mutu. Ga hayaƙi, ga ƙara. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tambayar da masu hayar kayan sauti suka fi yi mini ita ce ta batir. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Batirin mota ba zai yi ba?

Zai yi na ɗan lokaci, sannan ya lalace. An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu ya tayar da inji, ba don a zuƙe shi awa huɗu ba. A nemi irin na sola, wanda aka yi don a sha a hankali.

Wane girma zan saya?

Nan ne mutane ke asara, don suna tsorata da lambar da ke jikin sifika. Sifikar da aka rubuta wa wat 1000 ba ta jan 1000 kullum. Kiɗa hawa da sauka ne, abin da take ci a tsakaice bai kai rabin rabin haka ba.

Mu ce sifika biyu masu amfilifaya a ciki, da mikisa, da fiyano, duka suna jan wat 200. Taron awa huɗu ya zama 200 sau huɗu, wato 800. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ita kanta tana cin kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sai a ce 950. To, batirin ruwa mai bolt 12 da 200Ah (Ah ma'aunin wutar da batir ke ɗauka ne) yana ɗauke da 12 sau 200, wato 2400, amma rabi ne naka, wato 1200, domin in ka saba zuƙe shi ƙasa da rabi, ba zai yi tsawon rai ba. Ya isa, har da ɗan rara in biki ya ja.

Matsalarsa nauyi. Ya kai kilo 60, sai ƙarti biyu sun kama kafin ya hau Adaidaita Sahu. Na litiyom mai 100Ah yana ba da kusan wannan wutar, don shi ana iya zuƙe shi kusan duka, nauyinsa bai wuce kilo 13 ba. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ni dai, ga mai yawo da kaya kowane mako, shi nake ba da shawara.

Me ke sa sifika gurnani in na haɗa da inbata?

Yawanci inbatar ce. Masu araha wutarsu a karye take fita, kunne kuma yana jin karyewar. In ka shiga Sabon Gari, ka nace sai wadda wutarta ke fita sumul irin ta NEPA, bolt 230. Ka tafi da sifikarka ka gwada a shagon, kada ka tsaya ga rantsuwar mai kaya.

Kowace waya za ta yi?

A'a, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Wat 300 a kan bolt 12 ya kai amfiya 25, wato wuta mai yawa ce ke bi ta cikin wayar. Siririyar waya za ta yi zafi ta narke, a tsakiyar mata da yara. A sa mai kauri, gajera, da fiyus dab da kan batirin.

Zafin Kano fa?

A Afrilu zafi kan kai digiri 40. A ajiye batir a inuwa, ƙarƙashin rumfa, kada a lulluɓe inbata da zani. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe fankarta.

Babban fili fa, mai manyan sifikun bas?

Wannan kam sai janareto. A kai shi can nesa, a ja doguwar waya.