Waiwaye: Yadda Awon Igiya Ya Tsara Sufurin Bayan Garin Kano

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, maganar kuɗin abin hawa ba ta sauka daga bakin Kanawa ba. A gidajen rediyo da majalisun ƙofar gida da shafukan Facebook ana ta ja-in-ja. Wasu na cewa a kawo manyan bas-bas, wasu na ganin jirgin ƙasa na cikin gari ne mafita, wasu kuma sun tattara laifin gaba ɗaya sun ɗora wa matuƙa Adaidaita Sahu. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, sai muhawarar ta ƙara reshe: idan kuɗin ya shigo hannu, da me Ungogo ko Kumbotso za su fara?

Wanda ya fi jin jiki a wannan lamari shi ne mazaunin bayan gari, na Bachirawa ko Rimin Kebe, na Sheka ko Mariri ko Rijiyar Zaki, wanda abincinsa yake kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa ko ta Sabon Gari. Ruwa ba ya tsami banza. Tsadar mai ta bayyana ciwon ne kawai, amma ciwon ya girmi yawancin matasan da ke tuƙa Adaidaita a yau.

Farkon labarin sananne ne. Birni na cikin ganuwa, mutane na shiga da fita ta Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Kabuga da sauransu, a ƙafa ko a kan jaki. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari da unguwar Turawa ta Nasarawa da Bompai a wajen badala. Gyada ta kawo kuɗi, kuɗi ya kawo baƙi. A ƙidayar 1963 mutanen garin ba su cika 300,000 ba. A wannan lokacin ne kuma aka shirya tsarin raya birni na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda masana ke kira tsarin Trevallion, da sunan wanda ya tsara shi. Ya zana inda masana'antu za su zauna, inda gidaje za su bi, da hanyoyin da za su haɗa su. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967 aka samu kuɗin mai, aka yanka unguwanni masu layi da kwalta da lambatu, irin su Kundila da gefen Titin Gidan Zu. Duk wanda ya shiga waɗannan unguwanni yau zai ga mota biyu na wuce juna babu gogayya.

Daga nan ne masu ba da tarihin sufuri suke tsallakawa zuwa zamanin acaɓa. A ganina abin da suke tsallakewa shi ne ya yanke komai.

A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a faɗin Najeriya, tsarin En'e, wato hukumar gargajiya ta masarauta, ya kau. A da, birni da gundumomin da ke kewaye da shi, irin su Ungogo da Kumbotso, suna ƙarƙashin inuwa ɗaya. Bayan shekara biyu, a watan Maris na 1978, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Manufarta mai kyau ce: a hana masu hali tara filaye suna jiran su yi tsada, a kuma sauƙaƙa wa hukuma samun ƙasa don ayyukan jama'a. A Arewa ma ba baƙon abu ba ne ƙasa ta zama amana a hannun hukuma, domin dokar 1962 ta riga ta tafi a kan haka. Abin da ya shafi bayan garin Kano wasu sassa ne na dokar da ba kasafai ake karanta su tare ba.

Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wadda aka ayyana a matsayin yankin birni tana ƙarƙashin jiha, ragowar kuma ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, ita ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Wanda dokar ta tarar da fili fetal a cikin yankin birni, rabin hekta kawai ta bar masa. Gonar da ke wajen birni kuwa, sashe na 36 ya hana a yanka ta fuloti-fuloti a sayar. Sai kuma maganar diyya a sashe na 29: idan aka karɓi ƙasa don aikin jama'a, ana biyan abin da aka yi a kanta ne, wato gini da amfanin gona da itatuwa, ba darajar ita ƙasar a kasuwa ba.

To ka ɗauki manomin da gonarsa ke bakin gari a shekarun 1980. Yana hango rufin kwano na matsowa kowace damina. Ya san idan awon gwamnati ya iso kansa, abin da zai samu kuɗin dawa ne da na 'yan itatuwan ɗorawa da mangwaro. Ya kuma san idan ya riga awon, gonar da ya gada za ta aurar masa da 'ya'ya, ta kai shi Makka, ta bar masa jari. Babu mai hankalin da zai zauna jira. A ɗaya ɓangaren ga ɗan kasuwar da gidan gadonsu na cikin birni ya yi musu kaɗan, ga leburan masana'antun Sharaɗa da Chalawa, ga waɗanda farin 1973 da na 1984 ya koro daga ƙauye. Filin gwamnati ba ya isa, samunsa kuma sai da takardu da jira. Mai gona da mai neman matsuguni suka haɗu a tsakiya, aka kira abin awon igiya.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba, ga shi. Bayan an girbe amfani, mai gona zai fito da dillali da yara biyu, da igiya ko tef, da turaku. A ja ƙafa 50 nan, a ja 50 can, a kafa turke. Wani lokaci a raba fulotin biyu don mai ƙaramin ƙarfi. Idan aka zo kan hanya sai a tsaya shawara, domin duk ƙafa ɗaya da aka bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona. Sai a bar abin da zai ishi kurar ruwa ta wuce, ko motar yashi ta kutsa da ƙyar. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, a yi addu'a a watse. Mai gonar da ke maƙwabtaka zai yi nasa awon bayan shekara biyu, da nasa dillalin, ba tare da ya duba inda layin wancan ya nufa ba. Shi ya sa za ka bi layi a Dorayi ko Kurna ka ga ya miƙe sarai, sai kawai ya ci karo da katangar gida. Iyakar gonar wani ce ta dā.

Babu wanda ya yi wannan da mugunta, kuma awon igiya ya rufa wa dubban iyalai asiri, wannan ba abin musu ba ne. Amma tun da cinikin bai da gurbi a doka, babu teburin da za a ajiye taswirarsa a ce a faɗaɗa nan, a bar filin makaranta can, a bar tasha a bakin hanya. A takarda wurin gona ne. A ƙasa kuwa unguwa ce mai masallacin Juma'a. Kafin takarda ta tarar da ƙasa, an yi daɓe an tare.

A nan ne lissafin ke juyewa, kuma wannan ne ya fi damuna. Dokar da ba ta biyan kuɗin fili fetal tana biyan kuɗin gini. Ke nan lokacin da fitar da hanya ke da sauƙi shi ne lokacin da wurin ke gona, kuma a lokacin ne babu mai ikon zama da manomi a yi shawara a fili. Bayan an gina, buɗe titi mai faɗin da bas zai bi yana nufin rushe gidaje a jere da biyan diyyar kowanne, ga raba mutane da maƙwabtan da suka shekara 30 tare. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina tituna da magudanan ruwa da fitilun hanya da tashoshin mota cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma wace ƙaramar hukuma ce za ta iya sayen gidaje ɗari don ta fitar da layi ɗaya? Abin da ƙarfinta ke kaiwa shi ne kwalbati, ko zuba burji a layin da ya riga ya wanzu, komai ƙuncinsa.

Idan aka fahimci wannan, tarihin ababen hawan Kano ba ya buƙatar dogon bayani. Hayis da tasi suna bin manyan tituna ne, na Zariya da Katsina da Gwarzo da Haɗeja da Maiduguri, waɗanda duk suka nufi tsakiyar gari. Tsakanin wani babban titi da wani kuwa gidaje ne cunkus. Da matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya sa sabuwar mota ta gagara, gwamnatin tarayya ta fito da shirin sufurin jama'a a birane a 1988, aka samu bas-bas. Bas ɗin bai iya barin kwalta. Babur ne kaɗai ke iya kai mutum ƙofar gidansa, don haka acaɓa ya cika garin. A 2005 aka shigo da babur mai ƙafa uku don mata su samu abin hawa na mutunci, ya ɗauki sunan shirin gwamnatin jiha na gyaran ɗabi'u, wato A Daidaita Sahu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a babur. Adaidaita ya gaji aikin gaba ɗaya, saboda shi ne mafi girman abin da lungu zai iya haɗiyewa. Ranar da matuƙansa suka tafi yajin aiki a Janairun 2022, kowa ya ga ɗalibai da 'yan kasuwa da mata masu goyo sun cika gefen titi suna takawa.

Ku tsaya bakin Titin Katsina wajen Kurna da ƙarfe bakwai na safe. Mutane na fitowa daga kowane lungu, wasu sun yi tafiyar minti ashirin a ƙafa, takalmi duk taɓo idan damina ce. Adaidaita zai tsaya, mutum uku a baya, ɗaya ko biyu a gefen direba. Direban na lissafin balas ɗin da zai kai wa mai babur da yamma da kuɗin man da ya sha. Fasinja na lissafin hawa biyu ko uku kafin ya isa rumfarsa. Abin da bas ɗaya zai kwasa sai Adaidaita goma sha wani abu sun taru a kansa, kowanne da injinsa da hayaƙinsa da gurbinsa a titi. Tsadar daga nan take, cunkoson ma daga nan. Ƙuncin layin da ya hana bas shiga shi ne ke hana motar 'yan kwana-kwana isa wurin gobara, shi ke sa a ɗauko mai naƙuda a hannu zuwa bakin hanya.

Ga kuma rarrabuwar iko. Ƙwaryar Kano yanzu ƙananan hukumomi takwas ce: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutum kimanin miliyan 2.8 a haɗe. Wanda ya taso daga Rijiyar Zaki zuwa Sabon Gari ya fara a Ungogo, ya ratsa Gwale ta Kabuga, ya ƙare a Fagge. Tafiyarsa ɗaya ce, amma babu ƙaramar hukuma ɗaya da za ta iya tsara masa ita daga farko zuwa ƙarshe. Dokar tsara birane ta 1992 ta yi tanadin hukumar tsarawa a matakin ƙaramar hukuma, sai dai hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 ya tabbatar da cewa tsara gari hurumin jiha ne.

Gadojin sama da na ƙasa da aka gina a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro sun rage wahala a mahaɗar manyan tituna, wanda duk ya san waɗannan wurare a da zai shaida. Aikinsu ya tsaya ne a kan babban titi. Jirgin ƙasa na cikin gari ma, idan Allah ya kawo shi, babban titi zai bi, mutumin Rimin Kebe kuma zai ci gaba da neman abin da zai fito da shi daga lungu.

Igiyar ba ta tsaya ba. Yau tana gonakin Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa da Dawakin Tofa, inda har yanzu ake shuka dawa a gefen sabon gini. Gyara Dokar Amfani da Ƙasa abu ne mai wuya, domin sashe na 315 na tsarin mulki ya ɗaure ta, sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Amma zama da masu gonaki kafin su yanka bai buƙatar wannan. Ƙaramar hukuma da hukumomin jiha da dagatai da masu unguwanni za su iya tara masu gonaki goma ko ashirin da ke jere, a auna su a matsayin fili ɗaya, a fitar da hanyar da bas zai bi da wurin tasha da makaranta da magudanar ruwa, sannan a mayar wa kowa kasonsa na fulotai da takarda mai ƙarfi. Manomi zai rasa wani yanki na gonarsa, amma fulotin da ke bakin hanya mai faɗi ya fi na cikin lungu kuɗi, kuma dillalai sun fi kowa sanin haka. Kuɗin wannan aiki na ma'auna ne da turaku da zaman sulhu, abin da ƙarfin ƙaramar hukuma zai iya ɗauka. A unguwannin da aka riga aka gina kuwa, sai dai a zaɓi layi ɗaya ko biyu mafi faɗi a kowace unguwa, a yi musu lambatu da kwalta, a sa ƙananan bas su riƙa kwaso mutane zuwa babban titi a kan farashin da aka sani.