Saita rawutar gida domin adaftar wayar intanet

Adaftar wayar intanet, wadda ake taƙaita sunanta da ATA, ƙaramar na'ura ce da ke haɗa wayar tarho irin ta kan tebur da intanet. A jikinta akwai ramin RJ11 da ake soka igiyar tarho, da ramin RJ45 da ake jonawa da rawuta, wato akwatin da ke raba intanet a gida. Tana yanka muryar mai magana zuwa ƙananan ƙunshin bayanai ta aika, ta kuma mayar da na abokin magana sauti. Cikin sanannun irinta akwai Grandstream HT801 da Cisco SPA112. A garuruwa irin su Birnin Kebbi da Gusau, inda layukan NITEL suka ja baya bayan zuwan GSM a 2001, da ita ake iya raya wayar tebur a shago, ofis ko ƙaramin asibiti.

Yadda kira ke tafiya

Kowane kira hanya biyu yake bi. Ƙa'idar SIP, wadda aka daidaita a takardar RFC 3261 ta 2002, ita ke yi wa na'ura rajista a sabar kamfanin waya, ta buga lamba, ta sa waya ƙara, ta kashe kira. Tana bi ta ƙofa (lambar mashigar saƙo a intanet) ta 5060, ko 5061 idan an kulle saƙon da TLS, tsarin ɓoye saƙo. Muryar kuwa ta ƙa'idar RTP take tafiya, ta wasu ƙofofi daban: SPA112 na amfani da 16384 zuwa 16482, Grandstream na farawa daga 5004. Shi ya sa, idan hanyar murya ta toshe, waya kan yi ƙara, a ɗauka, amma ɗaya yana ji ɗaya ba ya ji.

Tushen matsalar

Rawuta tana ba kowace na'ura ta cikin gida adireshi na ciki, galibi mai farawa da 192.168, duk kuma su fita waje da adireshi guda. Wannan tsari shi ne NAT. Kamar gida ne mai zaure ɗaya: wanda ya fita ana sane da shi, a buɗe masa idan ya dawo, amma baƙon da ba a san wa ya zo nema ba sai ya tsaya a waje. Kira mai shigowa baƙo ne, kuma rawuta takan manta da hanyar UDP (irin wadda kira kan bi) da ta yi shiru na ɗan lokaci.

Saitin kansa

Ana shiga shafin rawuta ta burawuza. Yawancin na Huawei masu layin SIM suna 192.168.8.1, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Da farko a keɓe wa adaftar adireshi ɗaya da lambarta ta MAC, wato lambar shaidar na'ura, don kada ya sauya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Sai a nemi saitin da ake kira SIP ALG a kashe shi. An yi shi ne don ya gyara adireshin cikin saƙon SIP, amma sau da yawa ɓata saƙon yake yi, rajista ta riƙa faɗuwa ko kira ya yanke bayan kusan daƙiƙa 30. A cikin adaftar kuma a kunna saƙon riƙe hanya, wanda ke hana rawuta mantawa da hanyar, ya riƙa fita duk daƙiƙa 15 zuwa 30, a sa adireshin sabar STUN, mai sanar da adaftar adireshinta na waje, idan kamfanin ya bayar, ƙofarta 3478.

Shawarar da aka fi yaɗawa ita ce a tura ƙofofin SIP da RTP kai tsaye zuwa adaftar. A Kebbi da Zamfara galibi wannan ba ya amfani, domin intanet ɗin yawancin gidaje na layin MTN, Airtel ko Glo ne, kuma kamfanonin salula kan haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Haka ma Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, yake yi a tsarinsa na gida. Idan adireshin waje da rawuta ta nuna ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to tura ƙofa ɓata lokaci ne. Riƙe hanya da TLS su ne mafita. Sa adaftar a DMZ, wato buɗe mata duk ƙofofi ga waje, kuwa ganganci ne, don masu laluben ƙofa ta 5060 suna satar layi su buga ƙasashen waje da kuɗin mai shi. Dole a sauya kalmar sirrin da na'urorin biyu, rawuta da adafta, suka zo da ita.

Ingancin murya da wuta

Murya ba ta cin data sosai. Tsarin sarrafa murya na G.711 na buƙatar kusan kilobit 87 a daƙiƙa kowane ɓangare, G.729 kusan 31. Jinkiri ne ke lalata ta: shawarar G.114 ta hukumar ITU ta ce kada ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne. Idan yara na kallon bidiyo a gidan, a ba adaftar fifiko a sashen QoS na rawuta.

Tsohon layin tarho daga ofishin waya yake samun wutarsa, wannan kuwa da an ɗauke wuta ya mutu, sai an jona rawuta da adafta a batiri ko sola. Haka layin ke mutuwa idan sabis ya ɗauke, kamar lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021. Ba kowane kamfanin wayar intanet ke isar da kiran gaggawa na 112 ba, don haka a tambaya kafin a biya kuɗin layi.