Waiwaye: Asalin Rigimar Masoyan Star Wars Kan Fim Na Tara

Ranar 20 ga Disamban 2019 aka saki The Rise of Skywalker, kashi na tara kuma na ƙarshe a labarin zuriyar Skywalker, shekara 42 bayan fitowar na farko. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan ɗaya a gidajen sinima na duniya. Duk da haka, da wuya masoyan Star Wars biyu su zauna hirarsa ba a ɗaga murya ba. Wannan ya ce an gyara ɓarnar da kashi na takwas ya yi. Wancan ya ce ai na takwas ne kaɗai ya zo da sabon abu, na tara kuwa tsoro ne ya haife shi. Na uku yana gefe yana cewa shi a wurinsa tun 2012 aka yi wa labarin jana'iza. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya girmi yawancin masu yin gardamar.

George Lucas ya fitar da fim na farko ranar 25 ga Mayun 1977, a gidajen sinima 32 kacal a Amurka, domin kamfanin 20th Century Fox bai ɗauka abin zai yi kasuwa ba. Labari ne na wani yaro ɗan ƙauye, Luke Skywalker, da ya bar gonar kawunsa ya shiga yaƙi da wata azzalumar daula a sararin samaniya. Jama'a suka yi ta layi wata da watanni. A yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfanin, Lucas ya riƙe wa kansa haƙƙin yin ci-gaban labarin da haƙƙin sayar da kayan wasan yara, kuma wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yaron da ya kalli fim ɗin sau ɗaya a sinima ya koma gida da 'yar tsanar Luke da ta Darth Vader, babban mugun fim ɗin, ya shekara biyar yana ƙirƙirar nasa labarin a tsakar ɗaki. Wanda ya tashi haka ba ya ɗaukar kansa ɗan kallo. Gani yake yana da gado a gidan.

Kashi na gaba ya zo a 1980, inda aka bayyana cewa Vader ne mahaifin Luke, sai na uku a 1983. Tun a na ukun aka fara jin ƙorafi, kan wasu ƙananan halittu masu gashi da ake kira Ewok, waɗanda manyan masoya suka ce don a sayar da 'yar tsana kawai aka sa su. Amma ƙorafin wancan zamani bai wuce wasiƙun mujallu da hirar abokai ba.

Baraka ta gaskiya ta fara ne a 1997, lokacin da Lucas ya sake fitar da fina-finan uku bayan ya yi musu kwaskwarima da kwamfuta. Akwai wani wuri a fim na farko da Han Solo, ɗan fasa-ƙwauri, ke zaune a mashaya da wani mai farautar mutane, Greedo, wanda ya auna shi da bindiga. A fitowar 1977 Han ne ya harbe shi ta ƙarƙashin tebur ba tare da ɗayan ya yi harbi ba. A ta 1997 sai aka sa Greedo ya fara harbi ya kuskure, daga tazarar da ko makaho ba zai kuskure ba, sannan Han ya rama. Lucas ba ya so jaruminsa ya zama mai kisa haka kawai. Masoya suka ce ai wannan rashin imanin ne ya sa tubar Han a ƙarshen fim ta yi armashi. Abin da bai kai daƙiƙa biyu ba ya zama taken gangami, cewa Han ne ya fara harbi, har a jikin riguna ake buga shi. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne Lucas ya ƙi sakin asalin fina-finan cikin hoto mai kyau, sai ma ya sake taɓa wurin a 2004 da 2011. Daga nan tambayar da har yau ba a amsa ba ta fito fili: fim ɗin na wanda ya yi shi ne, ko na waɗanda suka tashi da shi?

Sai 1999 ta zo da The Phantom Menace, farkon fina-finai uku da suka koma baya don nuna yadda Anakin Skywalker ya rikiɗe ya zama Vader. Mutane sun kwana a layi makonni kafin a buɗe ƙofa. Da suka shiga sai suka tarar da muhawarar haraji da zaman majalisa, da wani wawan halitta mai suna Jar Jar Binks, da kuma bayanin cewa ƙarfin ɓoyen nan da mayaƙan Jedi ke aiki da shi ana iya auna shi a cikin jini. Wannan karon akwai intanet. Aka yi wa fim ɗin caa, har wani ya zauna ya yanke yawancin wuraren Jar Jar ya rarraba nasa kwafin. Jake Lloyd, yaron da ya fito a matsayin Anakin yana ɗan shekara takwas zuwa tara lokacin ɗaukar fim, ya sha tsangwama a makaranta, daga baya ya bar sana'ar. Ahmed Best, wanda ya yi Jar Jar, ya bayyana a 2018 cewa zagin da ya sha ya kusa sa shi ya kashe kansa. Ya kamata a riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

Sauran biyun sun fito a 2002 da 2005. A farkon 2012 Lucas ya faɗa wa jaridar New York Times cewa bai ga dalilin ƙara yin wani ba tunda kullum zaginsa ake yi. Ranar 30 ga Oktoban shekarar ya sayar da kamfaninsa, Lucasfilm, ga Disney a kan dala biliyan 4.05, Kathleen Kennedy ta karɓi shugabanci. Da yawa daga cikin masu cewa yau a dawo da Lucas, su ne suka yi murna a ranar.

Disney ta ajiye tsarin labarin da Lucas ya bar mata. A Afrilun 2014 kuma ta sanar da cewa tarin littattafan da aka rubuta kan abin da ya faru bayan fim na 1983, tun daga na Timothy Zahn na 1991, ba sa cikin sahihin labari. Ga wanda ya shekara ashirin yana saye yana karantawa, wannan tamkar a ce masa zuriyar da ya haddace ba ta taɓa wanzuwa ba ne. Wani rukuni na masu fushi daga nan ya samo asali, tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba.

J.J. Abrams ya ba da umarnin kashi na bakwai, The Force Awakens, wanda ya fito a Disamban 2015, kuma ya san darasin 1999 sarai. Babu majalisa, babu haraji. Maraya a hamada, mutum-mutumi ɗauke da sirri, ƙaton makami mai tarwatsa duniyoyi: kusan fim ɗin 1977 ne aka sa wa sabuwar riga. Ya tara sama da dala biliyan 2. Yawancin mutane sun fita suna murna, amma bayan kwana biyu aka fara cewa kwafi ne, kuma Lucas da kansa ya nuna bai ga sabon abu a ciki ba. A gefe guda kuma wani mummunan abu ya kunno kai. Tun daga tallan farko wasu suka far wa John Boyega, ɗan Ingila mai asali daga Najeriya, saboda baƙar fata ne, wasu kuma suka ce Rey, jarumar da Daisy Ridley ta fito a matsayinta, ta iya komai ba tare da ta koya ba.

An ce ana son sabon abu, sai Rian Johnson ya kawo shi a 2017 da The Last Jedi, kashi na takwas, kuma a nan gidan ya rabe biyu. Fim na bakwai ya ƙare ne da Rey tana miƙa wa Luke takobinsa na haske a kan wani tsibiri. Shekara biyu masoya suna jiran abin da zai ce. Sai ya karɓa ya wurgar ta bayan kafaɗarsa. Luke ɗin da Johnson ya nuna tsoho ne da ya yanke ƙauna, wanda ya taɓa tsayawa a kan ɗan 'yar'uwarsa Ben Solo, wanda ya koma mugu mai suna Kylo Ren, yana barci da takobi a zare. Snoke, babban mugun da aka yi ta hasashen asalinsa, aka sare shi a tsakiyar fim ba tare da wani bayani ba. Iyayen Rey kuwa aka ce ba kowa ba ne, mashaya ne da suka sayar da ita. Mark Hamill, mai fitowa a matsayin Luke, ya faɗa a fili cewa bai yarda da yadda aka juya halin jarumin ba, ko da yake daga baya ya ce ya yi nadamar fitar da maganar waje.

A ganina Johnson ya yi kuskure a wurare, musamman doguwar tafiyar nan zuwa birnin 'yan caca wadda ba ta kai labarin ko'ina ba. Amma maganar iyayen Rey ita ce mafi ƙarfin abin da aka faɗa a sabbin fina-finan uku, domin ta ce jarumta ba gadon gidan sarauta ba ce. Masu sharhi sun yaba, a shafin Rotten Tomatoes mai tattara makin fina-finai sun ba shi kashi 91 cikin 100, yayin da makin 'yan kallo ya faɗo ƙasa da 50. Sai dai kamfanin CinemaScore, wanda ke tambayar mutane a bakin ƙofar sinima daren farko, ya samu maki A. Wato masu fushi suna da yawa, amma ƙarar muryarsu ta fi yawansu. Kuma ba duka ne masu ƙyamar mata ko launin fata ba, da yawa Luke ɗinsu kawai suke kuka a kai. Matsalar ita ce an cakuɗa, har ya zama mai sukar gaskiya da mai zagi duk inuwa ɗaya suke. Kelly Marie Tran, 'yar asalin Biyetnam da ta fito a matsayin Rose, ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram a Yunin 2018 saboda cin mutunci. Wata guda kafin nan fim ɗin Solo, kan ƙuruciyar Han Solo, ya fito ya kasa kai dala miliyan 400, karo na farko da fim ɗin Star Wars ya jawo asara.

Cikin wannan yanayi aka haɗa na tara. Colin Trevorrow, wanda aka fara bai wa aikin, ya bar shi a Satumban 2017, aka dawo da Abrams. Carrie Fisher, wadda aka tsara fim ɗin zai tsaya a kanta a matsayin Leia, 'yar'uwar Luke, ta rasu a Disamban 2016, sai aka yi dabara da ragowar hotunanta na fim na bakwai. Waɗannan uzuri ne na gaske. Abin da ba shi da uzuri shi ne tufka da warwarar da aka yi. Rey da aka ce 'yar talakawa ce ta koma jikar Palpatine, sarkin daular da ya mutu tun 1983, wanda aka dawo da shi a rubutun buɗe fim ba tare da an nuna yadda ya tashi ba. Saƙon da aka ce ya aika wa duniya ma ba a fim aka ji shi ba, a wasan bidiyo na Fortnite aka sake shi kwanaki kafin fitowar fim ɗin. Rey ta jefa takobi cikin wuta, kurwar Luke ta cafe tana yi mata faɗan a girmama makami. Hular Kylo Ren da aka farfasa a na takwas aka liƙe ta. Rose ta samu abin da bai kai minti biyu ba a fim mai sama da awa biyu. Mutum yana kallo yana iya lissafa ƙorafin da kowane wuri yake amsawa, kamar mai karanta takardar ban-haƙuri.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masu sharhi suka ba shi kashi 50 da 'yan kai, CinemaScore ta ba shi B+, mafi ƙanƙanta a cikin fina-finan zuriyar Skywalker da ta auna. Makin 'yan kallo a Rotten Tomatoes ya kai 86, amma a lokacin shafin ya riga ya canza tsari, sai wanda aka tabbatar ya sayi tikiti ake ƙirgawa, don haka ba a kwatanta shi da na 2017 kai tsaye. Masoyan na takwas suka ce an miƙa wuya ga masu zagi. Maƙiyansa da yawa suka ce gyaran ya zo a makare kuma a gurguje. Masu son soyayyar Rey da Ben Solo suka samu sumba ɗaya, nan take aka kashe shi. A Janairun 2020 rubutun Trevorrow ya ɓulla a intanet, aka samu sabon rukuni masu cewa wancan da ba a yi ba shi ne na gaskiya. A Satumban shekarar Boyega ya faɗa wa mujallar GQ cewa an yi talla da fuskarsa sannan aka tura shi gefe. Abin da kusan kowa ya yarda da shi guda ɗaya ne: an fara fina-finai uku ba tare da an san inda za a sauka ba.

Bayan nan Disney ta janye Star Wars daga sinima na tsawon shekaru, ta koma shirye-shirye masu dogon zango a Disney+, inda The Mandalorian da Andor suka samu karɓuwa, The Acolyte kuwa aka dakatar da shi bayan zango ɗaya a 2024. A tsakanin nan wani abu ya faru da ba wanda ya yi hasashensa a 1999. Yaran da suka kalli Jar Jar suna dariya sun girma, kuma su ne ke da bakin magana a intanet yanzu. Hayden Christensen, wanda aka yi wa ba'a shekara da shekaru kan yadda ya yi Anakin, ya dawo a 2022 aka tarbe shi da tafi. A 2023 aka sa Ahmed Best a The Mandalorian a matsayin mayaƙin Jedi da ya ceci Grogu, ƙaramin halittar da shirin ya tsaya a kansa, masoya suka yi ta yi masa jinjina. A Afrilun 2025 aka mayar da fim ɗin 2005 sinima don cikarsa shekara 20, mutane suka cika kujeru.

A Oktoban 2025 Adam Driver, wanda ya fito a matsayin Ben Solo, ya bayyana cewa shi da darakta Steven Soderbergh sun shirya labarin da zai dawo da Ben Solo, Lucasfilm ta so shi, shugabannin Disney suka ƙi domin ba su ga yadda wanda ya mutu zai dawo ba. Kamfanin da ya tashi Palpatine daga kabari ke nan. Cikin 'yan kwanaki wasu masoya suka yi hayar ƙaramin jirgi ya ja ƙyalle a saman ofishin Disney da ke Burbank, suna roƙon a yi fim ɗin.